Willie Mosconi: Gwanin sunukan da talabijin ya sauya wa wasa

Duk inda aka kafa teburin sunuka a biranenmu, ba a rasa matasa kewaye da shi. Sai dai ba kowa ya san cewa wannan wasa, wanda Amurkawa ke kira pul, ya taɓa shiga mawuyacin hali ba, lokacin da dokokin ƙwararrunsa suka gagari mai kallo. Rayuwar Willie Mosconi ita ta fi bayyana wannan tarihi.

An haifi Mosconi a Filadelfiya ta ƙasar Amurka a 1913. Mahaifinsa na da gidan wasan sunuka, amma bai so ɗansa ya bi wannan hanya ba, har yakan ɓoye masa ƙwallaye. Yaron sai ya koma atisaye da dankali da sandar tsintsiya. Hali zanen dutse: yana ɗan shekara 6 aka haɗa shi wasan baje koli da zakaran zamanin, Ralph Greenleaf, yana tsaye kan akwati don ya kai teburi.

Salon da Mosconi ya shahara da shi yana da tsauri. Ana jera ƙwallaye 15, kowace maki ɗaya, kuma dole ɗan wasa ya faɗi ƙwallon da zai buga da ramin da za ta faɗa. Idan saura ɗaya, sai a sake jera 14 a ci gaba, har wani ya kai maki 125 ko 150. Tun daga 1941 ya riƙa lashe gasar duniya ta wannan salo, ya ɗauke ta fiye da sau 10. A 1954, a jihar Ohayo, ya jefa ƙwallaye 526 a jere ba tare da kuskure ba, bajintar da ba a zarce a hukumance ba sai 2019.

To, a nan gizo ke saƙar. Gwanintar da ke burge masani ita ke gundurar baƙo. Abokin karawa na iya shafe awa yana zaune bai taɓa sanda ba, mai kallo kuma ba ya gane dabarar ajiye farar ƙwallo don bugu na gaba. Kasuwar wasan ta ja baya, gidajensa suka yi ta rufewa. Mosconi ya yi iya ƙoƙarinsa: yana yawon baje koli sanye da kwat don ya raba wasan da sunan caca, kuma shi ya horar da jarumi Paul Newman a fim ɗin The Hustler na 1961, wanda ya farfaɗo da sha'awar jama'a.

A 1978 gidan talabijin na ABC ya haɗa shi da Minnesota Fats, ɗan caca mai kaifin baki, a birnin Niyok. An ajiye dogon salon nasa, aka buga gajerun wasanni, har da na ƙwallo 9. Dokar wannan salo a fili take: a fara bugun ƙwallo mai ƙaramar lamba, wanda ya jefa ta 9 ya ci, cikin 'yan mintuna an gama. Mosconi ya yi nasara cikin sauƙi, miliyoyin mutane suka kalla, masu shirya gasa kuwa suka gane abin da 'yan kallo ke so.

Ya rasu a watan Satumba na 1993 yana da shekara 80. A 1994 aka ƙaddamar da Kofin Mosconi a Ingila, inda tawagar Turai ke karawa da ta Amurka duk shekara, cikin sowa da tafi. Salon ƙwallo 9 ake bugawa a gasar, shi kuwa dogon salon da ya yi sarauta a kansa ya zama na tsirarun masana.