Hermann von Helmholtz: Ɗan Malamin Makarantar Da Ya Auna Gudun Saƙo A Jijiya

A wannan fitowa ta mujallarmu mun zaɓi mu kawo wa masu karatu tarihin Hermann von Helmholtz, masani Bajamushe wanda ya rasu tun 1894, amma har yau marasa lafiya a asibitocinmu suna cin gajiyar bincikensa ba tare da sun taɓa jin sunansa ba. Dalilin zaɓensa kuwa shi ne, tallafin karatu ne ya buɗe masa hanya, kuma tallafa wa ɗalibai na cikin manyan abubuwan da ƙungiyarmu ta sa a gaba.

An haife shi a garin Potsdam, kusa da Berlin, ranar 31 ga Agusta, 1821. Mahaifinsa malamin makarantar sakandare ne, mai ilimi amma ba mai hannu da shuni ba. Tun yana yaro zuciyarsa ta karkata ga ilimin fiziks, sai dai gidansu ba su da halin biya masa kuɗin jami'a. A 1838 ya sami gurbi a makarantar horar da likitocin soja da ke Berlin, inda gwamnati ta ɗauki nauyinsa bisa sharaɗin zai yi wa rundunar soja aiki na shekara 8. Ya kammala a 1842, daga bisani aka tura shi barikin soja a garinsu.

A cikin barikin ya keɓe wani ɗan ɗaki yana gwaje-gwaje. A 1847 ya gabatar da maƙalar da ta fito da sunansa, inda ya nuna cewa makamashi ba ya ɓacewa kuma ba a ƙirƙirarsa daga babu, sauya siffa kawai yake yi. A fahimtarsa, wannan ƙa'ida ta haɗa har da jikin mai rai: zafin jiki da ƙarfin tsoka daga abinci suke fitowa. Ganin hazaƙarsa ya sa aka sallame shi daga aikin soja a 1848, kafin cikar wa'adi, kuma a 1849 ya zama malami a jami'ar Königsberg.

A can ne ya yi aikin da ya fi shahara da shi a fannin jijiyoyi. A wancan zamani manyan masana, har da malaminsa Johannes Müller, suna ganin saƙon da ke bin jijiya yana da saurin da ba za a iya auna shi ba. Helmholtz ya ɗauki tsokar ƙafar kwaɗo tare da jijiyarta, ya taɓa jijiyar da lantarki a kusa da tsokar, sannan ya sake taɓa ta a nesa, ya auna bambancin lokacin da tsokar ta ɗauka kafin ta motsa. A 1850 ya bayyana cewa saƙon yana gudun kimanin mita 25 zuwa 38 a sakan ɗaya, gudun da bai kai ko kusa da na sauti a cikin iska ba. Da wannan ya tabbatar da cewa aikin jijiya abu ne da za a iya aunawa da lissafawa.

Waɗanda suka biyo baya sun ɗora a kan wannan harsashi. Julius Bernstein, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa a jami'ar Heidelberg, ya kawo bayani a 1902 cewa lantarkin jijiya yana samuwa ne daga bambancin sinadaran da ke ciki da wajen tantaninta. A 1952 Alan Hodgkin da Andrew Huxley na Ingila suka fayyace yadda sinadaran sodiyam da fotashiyam ke shiga da fita ta wannan tantani har saƙo ya gudana, aikin da ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 1963. A yau likitoci na auna gudun saƙo a jijiyar hannu ko ƙafa domin gano lahanin da ciwon sukari ko kuturta ko rauni ya yi mata. Jijiyar hannun mai lafiya takan kai saƙo da gudun da ya haura mita 50 a sakan.

A 1851 kuma ya gabatar da madubin leƙa cikin ido. Kafinsa babu likitan da ke iya ganin can cikin idon mai rai yadda ya kamata. 'Yar na'urar nan mai fitila da likita ke haska wa mutum a ido jikanyar wannan madubi ce, kuma da ita ake gano illar hawan jini da ciwon sukari a ido tun kafin su kai ga makanta.

Sai a 1871, yana da shekara kusan 50, ya sami kujerar farfesan fiziks a Berlin, wato fannin da ya so tun yana yaro. Daga cikin ɗalibansa akwai Heinrich Hertz, wanda ya tabbatar da samuwar igiyoyin da rediyo ke aiki da su. Helmholtz ya rasu ranar 8 ga Satumba, 1894.

Muna kira ga 'ya'yan wannan gari na gida da na waje da su dubi wannan tarihi da idon basira. Waɗanda suka biya wa Helmholtz karatu likitan soja kawai suke nema, sai ga shi duniya baki ɗaya ta amfana. A makarantunmu akwai 'ya'yan malamai da manoma masu kaifin ƙwaƙwalwa waɗanda kuɗin rajista kaɗai ke tsayar da su, kuma gudunmawar da muke bayarwa ga asusun tallafin karatu ita ce za ta ɗaga su. Ga ɗalibanmu kuwa, wanda bai sami fannin da yake so ba kada ya karaya. Ya riƙe wanda ya samu da hannu biyu, ya kuma cika alƙawarin dawowa ya yi wa al'ummarsa hidima. Allah Ya albarkaci zuri'armu da ilimi mai amfani, amin.