Malam Aminu Kano: Mutumin Da Ya Koya Wa Talaka Tambayar Ina Kuɗin Harajinsa

Duk wanda ya taso a ƙauyukan Kaugama, Malam Madori ko Auyo, in ya zauna da dattawa hira ta yi nisa, sai an gangaro kan zamanin haraji. Za su ba ka labarin magidancin da ke kwana a daji saboda dagaci ya fito karɓar kuɗi, da wanda ya sayar da akuyar matarsa, da Bafulatanin da ke kora shanu cikin fadama da dare don kada a ƙirga su a yanka masa jangali. Mu 'yan yau sai mu ji kamar tatsuniya. Amma fa gaskiya ne, kuma sunan da ya fi fitowa in ana maganar yadda abin ya ƙare shi ne Malam Aminu Kano.

An haife shi ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne da ya yi aikin mufti a kotun alƙali, saboda haka gidan ilimi da shari'a ya fito. Ya yi karatun allo, ya shiga firamaren Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sannan Kwalejin Kaduna, inda ya gama a 1942. Daga nan aka tura shi koyarwa Midil ta Bauci. A can ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa, suka riƙa zaman tattaunawa kan yadda En'e ke tafiyar da mulki. A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa, ya dawo aka ba shi riƙon makarantar horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato.

Don mu gane abin da ya dame shi, sai mu dubi yadda haraji yake a lokacin. Turawa sun ce da tsabar kuɗi za a biya. Manomin gero da dawa ba shi da tsabar kuɗi sai ya noma abin da kamfani zai saya, wato gyaɗa. Layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930 kuma ya ratsa Malam Madori, aikinsa ke nan: kwashe gyaɗar ƙasar nan. Mai unguwa ya ƙirga magidanta, dagaci ya karɓa, hakimi ya tara, a kai baitulmalin En'e. A kowane mataki ana iya ɗora ƙari, kuma ba wanda zai tambaya. Shekarar fari ko ambaliya ba ta hana a zo karɓa. Wanda ya kasa biya ga ɗan doka, ga dogari, ga kotun alƙali wadda ita ma a hannun En'e take. Ban da wannan ga noman gandun masu sarauta kyauta.

Malam Aminu na da albashi da muƙami, yana iya yin shiru ya hau sama kamar sauran abokan karatunsa. Sai ya ajiye aikin a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, ya shige ta, ya zama shugabanta a 1953. Jam'iyyar ta tela ce, da ɗan koli, da mahauci, da almajiri, da ƙaramin manomi. Saƙonta ga talaka bai da wuyar fahimta: ka nemi rasit in ka biya haraji, ka ƙi noman da ba a biyan ka, ka sani mai sarauta ma doka na hawa kansa. A yau wannan ba komai ba ne a kunne, amma a lokacin yana iya kai mutum gidan yari. An daure 'yan NEPU da dama, an yi wa wasu bulala, an kori wasu daga garuruwansu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, jagorar matan jam'iyyar, ta sha shiga kurkuku.

A zaɓen 1951 NEPU ta yi ƙoƙari a zagayen farko a Kano, amma tsarin zaɓe na hawa-hawa, wanda En'e ke cusa mutanenta a matakin sama, ya hana ta kujera. Sai a 1959 Malam ya ci zaɓen majalisar wakilai ta tarayya daga Kano ta Gabas, ya rasa kujerar a 1964. Zamanin Janar Gowon ya riƙe kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967, sannan na lafiya daga 1971 zuwa 1974. Ya kuma daɗe yana neman a ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a, abin da bai tabbata ba sai a shekarun 1970.

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978 ya kafa PRP, mai alamar mabuɗi. Abin mamaki, mutumin da ya ƙare rayuwarsa kan maganar haraji, da takardar haraji aka so hana shi takarar shugaban ƙasa a 1979, sai da kotu ta wanke shi. Ya zo na huɗu cikin mutum biyar, Shehu Shagari ya ci. Amma PRP ta kama jihohi biyu: Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna. Da hawansu a Oktoban 1979 suka soke haraji da jangali. Kada mu manta, a lokacin Haɗeja, Gumel, Kazaure, Dutse da Ringim duk cikin Jihar Kano suke, domin sai 27 ga Agusta, 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. Ke nan wannan sokewa ta shafi gidajen kakanninmu kai tsaye.

Tafiyar ba ta ƙare lami lafiya ba. Tun 1980 PRP ta dare gida biyu, 'yan Taɓo da ke tare da Malam da 'yan Santsi da ke tare da gwamnonin. Yaransa na jiya suka riƙa musayar zafafan maganganu da shi. Har yau masana na jayayya kan wa ke da gaskiya. Ana shirin zaɓen 1983, har ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiya, Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983. Minista ne sau biyu amma bai bar dukiyar a zo a gani ba. Gidansa na Gwammaja shi ne Gidan Mambayya a yau, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na can sunansa suke ɗauke da shi, haka ma babban dandalin taro na Dutse.

To, haraji ya tafi ke nan? Ina! Ya dai sauya riga. Manomin riɗi ko shinkafa da ya kai kaya kasuwa yana yankar tikiti, direban da ya ɗauko kayan yana biya a shingaye, ɗan acaɓa yana biyan na ƙungiya, ga harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ke ɓoye a farashin kayan kanti. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na man injin ban-ruwa suka tashi, mudun abinci ya bi su. Ɗalibin da ke jiran a aiko masa da kuɗi daga ƙauye ya san haka ba sai an gaya masa ba. Bambancin shi ne, da can mutum ya san fuskar mai karɓa, yanzu kuwa kuɗin na fita ne kaɗan-kaɗan har ba a lura.

Nan ne darasin yake. Jiha ba ta tafiya ba kuɗin shiga, kuma Jigawa, wadda ta fi dogaro da kason tarayya, tana buƙatarsa don asibiti da makaranta da yaƙi da ciyawar kacalla da ke toshe hanyoyin ruwan Haɗeja. Abin da Malam ya yaƙa shi ne karɓa da ƙarfi, ba la'akari da halin mai biya, kuma ba bayani. Wanda ya biya yana da haƙƙin tambaya. Wanda ya karɓi taliya da sabulu ranar zaɓe kuwa ya sayar da wannan haƙƙin da araha.

Kuma 'yan'uwa ɗalibai, abin bai yi mana nisa ba. Kowane zango muna biyan kuɗin ƙungiyar ɗalibai da na sashe. Mu nawa ne muka taɓa neman a karanto mana lissafi a taro? Mu nawa muka zaɓi ɗan takara don ya saya mana abinci ko don garinmu ɗaya? Wanda bai iya tambayar ma'ajin ƙungiyarsa ba, da wuya ya tambayi shugaban ƙaramar hukuma gobe. Tela da mahaucin NEPU ba su da difloma, kuma bulala ce ke jiran su, amma sun yi tambayar. Allah ya jiƙan Malam, ya kyautata makwancinsa.