Baturen Da Ake Kira Mutumin Itatuwa

Ni ɗan Babban Mutum ne, a ƙasar Daura. Da na je hutu bara na tarar an sare gawon nan biyu na gonar kakana, an sayar wa masu itace. Da damina ta faɗi, iska ta binne shukar gero da rairayi, sai da muka yi shuka sau biyu. Abin da ya sa ke nan na zaɓi in ba da tarihin Richard St. Barbe Baker, wanda malaminmu na aikin gona ya fara ba mu labarinsa.

An haife shi a Ingila a shekarar 1889. Ubansa mai renon dashe ne, saboda haka tun yana yaro ya saba da itatuwa. Da ya zama saurayi ya tafi Kanada, inda daji ya haɗu da filin ciyawa. A can ya ga manoma suna share itatuwa suna huɗa, iska kuwa tana kwashe musu ƙasa, kamar dai yadda take yi mana. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya karanta ilmin gandun daji a Jami'ar Kambirij, aka tura shi Kenya. A 1922 shi da wani basarake na ƙabilar Kikuyu, Josiah Njonjo, suka kafa ƙungiyar Mutanen Itatuwa. Duk wanda ya shiga sai ya yi alkawarin dasa itace goma kowace shekara. Daga nan ya yi aikin gandun daji a Kudancin Nijeriya.

A 1952 ya ƙetare hamadar Sahara da mota. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali ƙwarai, har ya ba da shawara a dasa shingen itatuwa a gicciye Afirka don a tare hamada. Ba a yi ba a zamaninsa. Sai a 2007 Tarayyar Afirka ta amince da irin wannan shiri, Jihar Katsina kuwa tana cikinsa.

To, amma a ganina dashe kaɗai bai isa ba. Sau nawa muka dasa darbejiya a makaranta, muka dawo hutu awaki sun cinye? Maƙwabtanmu na Magarya, a Nijar, wata dabara suka bi tun wajen 1985. In gawo ya tsiro a gona ba su sassabe shi, sai su rage rassan su bar mai ƙarfi ya girma. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne.

Baker ya rasu a Kanada ran 9 ga Yuni, 1982, yana da shekara 92, kwana kaɗan bayan ya dasa itacensa na ƙarshe. Ni kuma na roƙi kakana, ya yarda ya bar mini tsiron gawo huɗu, na kewaye su da ƙaya kafin in dawo makaranta.