TAƘAITACCEN TARIHIN GEORGE WASHINGTON CARVER, BAWAN ALLAH MAI RAYAR DA ƘASA

Bikinmu na cika shekara 50 ya zo daidai da lokacin Ista, sa'ad da manoman Ruwan Godiya suke sharar gona suna jiran ruwan shuka. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo tarihin wani bawan Allah wanda ya bauta wa Ubangiji ta wurin kula da ƙasar noma.

HAIHUWARSA

An haifi Carver cikin bauta a jihar Misuri ta Amurka wajen shekara ta 1864. Yana jariri mahara suka sace shi tare da mahaifiyarsa. Aka samo yaron, amma ba a ƙara jin labarin uwar ba. Mu da muke zaune tsakanin Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara mun san zafin irin wannan rashi. Moses Carver da matarsa Susan ne suka goye shi. Da yake shi mai yawan laulayi ne, sai ya shaƙu da tsire-tsire, har maƙwabta suka riƙa neman taimakonsa in shukarsu ta yi yaushi. Ya karɓi Yesu tun yana yaro.

KARATUNSA

Wata kwaleji a Kansas ta ba shi gurbi, amma da aka ga baƙar fata ne sai aka sallame shi. Bai fid da zuciya ba. Ya yi ta wanki da guga yana neman abin biyan bukata, har ya sami digiri na aikin gona a Ayowa a 1894, na biyu kuma a 1896.

AIKINSA

A 1896 Booker T. Washington ya kira shi makarantar Taskigi a jihar Alabama. Can ya tarar ƙasa ta gaji saboda noman auduga shekara kan shekara, ruwa ya zaizaye gonaki, bashi kuma ya danne talakawa, ba su da kuɗin takin zamani. Ya koya musu su riƙa sauya auduga da gyaɗa, wake da dankali, gama saiwar gyaɗa da ta wake tana mayar wa ƙasa ƙarfinta. Ya nuna musu yadda za su tara ganyaye da kashin dabbobi su ruɓe su zama taki. A 1906 ya shirya keken doki mai ɗauke da kayan koyarwa, yana bin manoma har gonakinsu. A 1916 ya buga ƙasida mai nuna hanyoyi 105 na sarrafa gyaɗa don abinci.

Yakan tashi da asuba ya shiga daji yana addu'a yana duban halitta. Ranar Lahadi kuma yakan koya wa ɗalibai Littafi Mai Tsarki.

MUTUWARSA

Bai yi aure ba. Kuɗin da ya tara ya ba da su don binciken aikin gona. Ya yi barci cikin Ubangiji ranar 5 ga Janairu, 1943.

DARASI GARE MU

Bisa ga Farawa 2:15, aikin fari da Allah ya ba mutum shi ne noma gona da kiyaye ta. Romawa 8:21 kuma ta nuna halitta ma tana da rabo cikin fansar da tashin Almasihu ya kawo. Yaya za mu rera waƙar tashinsa da safe, mu cinna wa gona wuta da yamma?

A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, ma'aikatan mishan na SIM da manoma suka fara barin tohon kututture ya girma, miliyoyin itatuwa kuwa suka dawo. Mu ma a sharar bana mu bar tohon gawo da sauran itatuwa, mu rage sara don gawayi, mu sauya masara da auduga da gyaɗa ko wake. In damina ta kankama, kowane gida ya dasa itace ɗaya don tunawa da wannan biki.

Allah ya sa jikokinmu su yi bikin shekara 100 a ƙarƙashin inuwarsu. Amin.