Christopher Strachey: Malamin Makaranta Da Ya Koya Wa Inji Alamun Rubutu

Jama'a, a unguwarmu ta Idi-Araba dattawa sukan zauna da la'asar suna dara. Ban taɓa zaton wasan nan yana da dangi a tarihin kwamfuta ba, sai da na karanta labarin wani Bature, malamin makaranta kamar yadda muke fata mu zama.

An haifi Christopher Strachey a Landan a 1916. Ya shiga jami'ar Kambirij a 1935, amma jarrabawarsa ta ƙarshe ba ta yi kyau ƙwarai ba, har ya rasa gurbin bincike da yake so. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya kama koyarwa, a 1949 kuwa ya koma makarantar Harrow. Yana can ne, a 1951, ya soma rubuta umarnin da zai sa inji ya yi dara irin ta Turawa.

Amma aikinsa da ya fi ba ni sha'awa shi ne GPM, wanda ya bayyana a 1965. A zamanin nan mai rubuta umarni da harshen inji yakan maimaita layuka iri ɗaya har ya gaji. Dabarar ita ce, ka ba jerin layuka suna guda, duk inda ka kira sunan sai inji ya shimfiɗa su. To, ƙaƙa inji zai rarrabe kira da sauran rubutu? Strachey ya keɓe 'yan alamu. Alamar § ita ke buɗe kira, waƙafi ya raba sunan da abubuwan da ke biye, alamar ; ta rufe. Inda aka sa ~1, nan za a cusa abu na fari, ~2 na biyu. Abin da aka kange tsakanin < da > kuwa, inji ya kwafe shi kurum, kada ya taɓa. Na tuna 'yan ajina a lokacin gwajin koyarwa, waɗanda sukan bi ta kan aya a guje, ma'ana ta watse. Inji ma haka yake, in aka manta alama ɗaya.

Daga GPM aka sami tushen m4, wanda Kernighan da Ritchie suka fitar a 1977. Shi Strachey bai gan shi ba. Ya koma Oksfod a 1965, ya zama farfesa a 1971, ya rasu a watan Mayu na 1975 yana da shekara 58.