Tsohuwar Bakin Ƙofa: Rayuwar Josefin Bakhita

Ranar 8 ga Fabrairu, 1947, da dare, wata tsohuwa baƙar fata ta rasu a gidan sistoci na Schio, garin masaƙun ulu da ke arewacin Italiya. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba, ba ta kuma da ɗan'uwa na jini ko ɗaya a wannan ƙasa. Duk da haka, kwana uku aka yi dubban mutane suna zuwa yi mata ban kwana, manya da yara, masu hali da talakawa. Yawancinsu sun san ta ne a bakin ƙofar gidan sistocin, inda ta yi shekaru tana tarbar baƙi, tana ɗora hannu a kan yaran da ke shiga makaranta. Sunanta Josefin Bakhita, kuma asalinta ba shi da nisa da ƙasar Barno kamar yadda za a yi zato.

An haife ta wajen shekara ta 1869 a ƙauyen Olgossa, cikin ƙasar Darfur ta yammacin Sudan, a kabilar Daju. Darfur kuwa tana kan tsohuwar hanyar gabas, wadda mahajjata da fatake daga Kano da Barno suka daɗe suna bi ta Wadai, su ratsa Al-Ubayyid da Hartum har gaɓar Bahar Maliya. Gidansu na rufin asiri ne, ɗan'uwan mahaifinta ma shi ne mai garin. Amma zamani ne na farautar bayi. Da fari aka sace yayarta. Bayan 'yan shekaru, ita ma tana da shekara bakwai ko takwas, aka kama ta a bayan gari.

Tsananin firgita ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata, ba ta kuma sake tuna shi ba har ta koma ga Mahaliccinta. Waɗanda suka kama ta ne suka sa mata Bakhita, wato mai sa'a a harshen Larabci. Aka kora ta a ƙasa, ba takalmi, tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa Al-Ubayyid, ana sayar da ita daga hannu zuwa hannu. Mafi ɗacin zamanta shi ne a gidan wani hafsan sojan Turkawa, inda kusan kullum sai an yi mata bulala. A nan ne aka zana mata fasali a jiki da gari, aka bi zanen da aska, aka cusa gishiri cikin raunukan domin tabon ya tashi. Tsaga 114 aka yi mata a ƙirji da ciki da hannu, kuma da su aka binne ta.

A 1883, yaƙin Mahadi yana ta ƙaratowa, aka kai ta Hartum, inda wani jami'in jakadancin Italiya mai suna Callisto Legnani ya saye ta. A gidansa ne ta fara zama ba duka. Da ya tashi barin ƙasar, ita da kanta ta roƙe shi ya tafi da ita. Suka haye raƙuma zuwa Sawakin, suka shiga jirgin ruwa, suka sauka Jenowa a 1885. Can aka ba da ita ga iyalin Augusto Michieli, ta zama mai renon 'yarsu Mimmina. Wakilin gidan, Illuminato Checchini, mutum ne mai tsoron Allah. Shi ya ba ta ɗan ƙaramin gicciye, ya kuma yi mata bayanin wanda aka gicciye a kai. Yarinyar da ta san zafin bulala ba ta sha wuyar gane labarin Ubangijin da aka yi wa bulala ba.

A ƙarshen 1888 uwargidan ta tafi Sawakin, inda mijinta ya sayi masauki, ta bar Bakhita da yarinyar a hannun sistocin ƙungiyar Kanossa a birnin Venis. Su ne suka koya mata bangaskiya. Ta gaya musu cewa tun tana ƙarama takan dubi rana da wata da taurari tana tambayar kanta ko wane ne mai su, sai yanzu ta san shi. Da uwargidan ta dawo za ta ɗauke ta su koma Sudan, sai Bakhita ta ƙi. Wannan shi ne karo na farko da ta ce a'a ga wanda ya mallake ta. Kwana uku ana lallashi da barazana, ba ta motsa ba. Magana ta kai gaban hukuma, kuma ranar 29 ga Nuwamba, 1889, aka yanke cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, saboda haka ita 'ya ce. Aka yi mata baftisma ranar 9 ga Janairu, 1890, da suna Josefin. Ranar 8 ga Disamba, 1896, ta ɗauki alkawarin zama sista.

A 1902 aka tura ta Schio, kuma can ta ƙare yawancin sauran kwanakinta. Ba ta taɓa shugabantar kowa ba. Ta yi girki, ta yi ɗinki, ta kula da kayan sujada, ta tsare ƙofa. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko, da aka mai da wani sashe na gidan asibitin sojoji, ta shiga jinyar masu rauni. Da farko wasu yara kan tsorata da ita, domin ba su taɓa ganin baƙar fata ba. Sannu a hankali, da taushin murya da fara'a, ta zama wadda mai damuwa yake nema ya zauna kusa da ita, har mutanen gari suka riƙa kiranta baƙar uwarsu. A 1931 aka buga littafin tarihinta, sunanta ya bazu, aka yi ta yawo da ita garuruwan Italiya tana ba da labarinta. Wannan bai canza ta ba. Da aka gama, ta koma Schio.

Abin da ya fi ba masu sauraronta mamaki shi ne yadda take maganar waɗanda suka zalunce ta. Ba ta ɓoye muguntar da aka yi mata ba, ba ta kuma ce abin daidai ne ba. Amma ta shaida cewa da za ta sadu da waɗanda suka sace ta, da ta durƙusa ta sumbaci hannuwansu, gama ta wannan hanya mai ƙaya ce ta kai ga sanin Kristi. Mai karanta Littafin Farawa zai tuna da Yusufu, wanda 'yan'uwansa suka sayar, daga baya ya ciyar da su. Sai dai gafara ba ta share tabo ba. A ciwonta na ajali, bayan shekarun da ta yi a keken guragu, hankalinta ya koma kwanakin bauta, ta yi ta roƙon mai jinyarta ta sassauta mata sarƙoƙi domin sun yi nauyi. Shekara kusan sittin da samun 'yanci, raunin yana nan.

Paparoma John Paul na Biyu ya sa ta cikin jerin tsarkaka ranar 1 ga Oktoba, 2000, kuma tun 2015 ake kiyaye ranar rasuwarta a matsayin ranar addu'a domin waɗanda ake fataucinsu. Ga iyalan Maiduguri da kewaye, labarinta ba tatsuniya ba ce. Daren 14 ga Afrilu, 2014, aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, ban da mata da yara masu yawa na wasu garuruwa da ba a san sunayensu a duniya ba. Wasu sun dawo, wasu har yau ana jiransu. Cikin waɗanda suka dawo akwai masu goyo, akwai masu firgita da dare, akwai waɗanda ake nuna su da baki a unguwa.

Bakhita ba ta warke ita kaɗai ba. Checchini ya ɗauke ta kamar 'yarsa, sistoci suka tsaya mata ranar da ta ce a'a, mutanen Schio suka ba ta amanar 'ya'yansu. Aikin da ke gaban kowace ikilisiya ke nan, musamman zumuntar mata: a karɓi wadda ta dawo ba tare da tuhuma ba, a ba ta wurin zama da aikin yi, a yi haƙuri da ita in tsohon ciwo ya motsa. Akwai kuma tsofaffin mata da ke share ɗakin sujada, suna gaida kowa da sunansa a bakin ƙofa, da yawansu ɗauke da labarin da ba su taɓa faɗa ba. Ya kamata a ziyarce su, a saurare su tun suna da rai. Allah ya ba ikilisiyarsa irin zuciyar wannan baiwa tasa. Amin.