Jigoro Kano: Yaron da Aka Raina Ya Ƙirƙiro Judo

'Yan uwana ɗalibai, ranar da na fara jin sunan Jigoro Kano na ɗauka Bakano ne. Ashe mutumin Japan ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. Shi ne ya ƙirƙiro judo, wata irin kokawa da ake yi yanzu a ko'ina cikin duniya.

An haife shi a 1860, a garin Mikage, kusa da birnin Kobe. Yana da shekara tara mahaifiyarsa ta rasu, daga baya mahaifinsa ya koma da su Tokyo. A makaranta yana da ƙoƙari sosai, amma ɗan ƙarami ne, nauyinsa wajen kilo 41. Don haka manyan ɗalibai suka riƙa cin zalinsa. Duk wanda aka taɓa ƙwace wa kuɗin tara ya san zafin wannan.

Sai ya ji labarin jujutsu, tsohuwar kokawar Japan wadda ƙarami ke iya kayar da babba. Da farko mahaifinsa bai so ba, kuma malaman sun yi wuyar samu. Sai a 1877 ya samu malami mai suna Fukuda. A wurin akwai wani babban ɗalibi, Fukushima, wanda kullum yake kayar da shi. Kano bai yi zuciya ya bari ba. Ya yi ta bincike har ya samo wata dabara, ya shiga ƙarƙashinsa, ya saɓa shi a kafaɗa, ya yi ƙasa da shi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A 1882 ya buɗe makarantarsa mai suna Kodokan a Tokyo, cikin ɗaki mai tabarma 12, da ɗalibai tara kacal. Ya ware kamun da ke da haɗari, don a yi wasa ba tare da an ji wa juna ciwo ba. Ya sa wa wasan suna judo, wato hanya mai taushi. Idan abokin karawarka ya turo ka, sai ka jawo shi, ƙarfinsa ne zai kayar da shi. Sabon shiga kuwa, abin da ake fara koya masa shi ne yadda zai faɗi bai ji ciwo ba.

Kano malamin makaranta ne, ya shugabanci kwalejin horar da malamai ta Tokyo fiye da shekara 20. A 1909 ya zama mutum na farko daga Asiya a kwamitin Olamfik na duniya. Ya mutu ranar 4 ga Mayu, 1938, a cikin jirgin ruwa, yana komawa gida bayan wani taro a Alƙahira. Shekararsa 77. A 1964 aka fara yin judo a gasar Olamfik, a Tokyo.

Mu ma muna da kokawarmu, wadda samari ke yi da kaka a ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma. Abin da ya burge ni shi ne, da Kano ya yi ƙarfi bai zama azzalumi ba, koyarwa ya kama. Yayyenmu 'yan aji uku, ƙaramin da kuke tsangwama yau, ba ku san abin da zai zama gobe ba.

Daga ɗan aji biyu, Kulob ɗin 'Yan Jarida